Gajeruwar Rashin Lafiyar Malam Sambo

Shafi na 23

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya, har da mai cewa gidan rediyo ne suka saye ni shi ya sa na yi shiru, babu wanda ya saye ni, caji ne babu. Ga shi nan, kuma don Allah a karanta a kai ƙarshe kafin a fara zagin Halima.

*

Sai da Halima Sadiya ta yi sallama uku a tsakar gidan Inna Huseina kafin wata ta amsa, ita ma can ƙasan maƙoshi.

Mata ne cike da rumfa, kowacce da carbinta, ana sadakar uku ta Malam Sambo. Kafin ta shigo ana ɗan taɓa hira ƙasa-ƙasa. Tana sa ƙafa aka yi tsit. Ta san dalili. Kaf Gwandu an san ita ce ɗiyar yayar Huseina, wadda ke aika wa gidan rediyo rahoto daga Kalgo, kuma kaf Gwandu an ji abin da rediyon ya faɗa da sunanta ranar Talata.

Ranar ce 'yan kabu-kabu suka yi zanga-zanga a shingen sojoji na bakin Kalgo, kan duka da ƙwace babura. Aka cinna wa rumfar shingen wuta, wutar ta haɗa da shagon maganin Amos da ke jikinta, sojoji suka fara harbi. Malam Sambo bai ma san da wata zanga-zanga ba. Albasa zai kai kasuwa, yana zaune bisa buhuna a bayan a-kori-kura, harsashi ya same shi a wuya. Halima na wurin, wayarta na naɗar sauti minti sha tara cur. Ta tura wa ofis duka. Da yamma abin da ya fito bai kai minti ɗaya ba: wasu tsageru sun ƙona dukiya, jami'an tsaro sun shawo kan lamarin, ba a rasa rai ba. Sannan aka liƙa mata, daga wakiliyarmu Halima Sadiya Bawa.

Wai ba a rasa rai ba. Ita da ta cire gyalenta ta toshe wa mijin innarta wuya.

Ta durƙusa gaban Huseina.

"Inna, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki."

"Allah shi jiƙan Baba, shi sa ya huta."

"Amin."

Ko kallonta Huseina ba ta yi ba. Halima ta raɓe gefen tabarma, tana jin idanun mata a ƙeyarta.

Ba ta gama zama ba wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, ƙurar hanya har gwiwa. Daga Dalijan take. Ta zube tana haki, ta yi gaisuwa, ta yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Sai ta matso ta dafa ƙafar Huseina da iyakar gaskiyarta.

"Ke ko Huseina, ashe Malam bai da lahiya ba ku aiko ba? Mi yas same shi, masassara ta?"

Wata a baya ta ja tsaki. Wata ta sunkuyar da kai.

Huseina ta ajiye carbin a hankali.

"Gwaggo, ke ta ta sha ɗaya tun sahe."

"Ta sha ɗaya mi?"

"Masu tambayata ciwon da yak kashe Malam. Wani ya ce hawan jini, wata ta ce shawara. Jiya har da mai kawo man sassaƙe, wai ko akwai saura cikin gida da sunka kama."

"To ai rediyo yac ce..."

"Rediyo!" Sai lokacin ta juyo ta dubi Halima. "Ga rediyon nan zanne. Tambaye ta."

Halima ta ɗago a rikice. Rahoton Talata ta sani, ta kwana biyu tana haɗiyar baƙin cikinsa. Amma maganar ciwo ba ta san inda ta fito ba, don tun ranar ta kashe rediyonta ta jefa ƙarƙashin gado.

"Inna, wane ciwo?"

"Au, ba ki ma ji ba? Ke da gidanku?"

Wata maƙwabciya ce ta warware mata. Kamar yadda kowa ke yi in an yi rashi, Shamsuddeen, babban ɗan mamacin, ya rubuta takardar sanarwa ya kai gidan rediyon don dangi na nesa su ji. Sunan mamaci, ranar rasuwa, mata ɗaya da 'ya'ya shida, sai inda ake zaman makoki. Iyakar abin da ya rubuta ke nan. Amma da Baba Aminu mai karanta sanarwa ya zo kanta jiya da safe, sai aka ji ya ce Allah ya yi wa Malam Sambo na Gwandu rasuwa bayan gajeruwar rashin lafiya. Aka maimaita da rana, aka sake da yamma.

Halima ta dafe kai.

"Innalillahi..."

"Tsaya, ban gama ba," in ji Huseina. Muryarta ba ta ɗaga ba, kuma wannan ya fi ihu zafi. "Jiya Shamsu ya tahi ohis ɗin da anka ce duk wanda abin yas shafa shi kai ƙorahi. Kin san mi mutumen yac ce mashi? Ya ce ku da kanku kun sa an hwaɗi ga rediyo ciwo yak kashe shi, yanzu kun zo neman a ba ku wani abu? Gaban mutane yac ce mashi haka. Yaron ga ya dawo bai ci abinci ba har yanzu."

"Inna, wallahi ba ni na rubuta ko ɗaya ba."

"Sunan wa anka kira?"

"Nawa, amma..."

"Gyalen wa anka wanke jini nan bakin rijiyar ga?"

Huseina ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Ni ban son komi nasu. Ban son buhun shinkahwa, ban son wani babba shi zo da jiniya shi yi man ta'aziyya. Abu guda ni ka so. A hwaɗi abin da yak kashe mijina, inda anka hwaɗi ƙaryar. Ɗiyanai ƙanana za su tashi. Mi za ni ce masu, masassara?"

A nan kukan ya ƙwace mata, karo na farko tun shigowar Halima.

Halima dai ba ta iya ganin kuka ta yi lissafi ba, halinta ne tun tana yarinya. Zuciya ta ɗebe ta, ta miƙe tsaye a tsakiyar mata.

"Inna, komi na cikin wayar ga. Harbin, ihun, har kalmar shahadar Baba. Wallahi tallahi yau ɗin ga sai duniya ta ji shi."

"Kada ki rantse, Halima."

"Na rantse. Ƙarhe huɗu akwai shirin labaran ƙasa. Kowa ta kunna rediyo."

Ta fice tana gyara mayafi, tana jin yadda rumfar ta ɗauki guna-guni a bayanta. Kafin ta kai zaure har an tura gida-gida a faɗa.

*

A ƙofar gida maza na zaune kan tabarmi. Ƙanenta Lukuman, wanda ya ɗauko ta a babur tun daga Kalgo, yana cikinsu ya haɗa kai da gwiwa. Ta zagaya bayan wani itacen dogon yaro inda ba za a ji ta ba, ta kira editanta. Uku da kwata.

"Malam Zubair."

"Halima, kwana biyu ina kiranki kina kashewa."

"Gajeruwar rashin lahiya?"

Ya sauke numfashi mai ƙarfi.

"Kin ji ke nan."

"Gidan ni ke! Gabana tsohuwa tat tambayi matar mamaci ko masassara ta. Wa yas sa a hwaɗi haka? Su na sunka kira ku?"

"Babu wanda ya kira kowa a kan wannan."

"To daga ina?"

"Daga bakin Baba Aminu. Shekara talatin yana karanta sanarwar mutuwa, kuma duk takardar da ba a rubuta sanadi ba haka yake cike ta. Bara wani ya faɗa rijiya a Ceberu, gajeruwar rashin lafiya ya ce. Wanda kada ya ja a gulbi ma haka. Na yi magana har na gaji. Ya ce shi a wurinsa ladabi ne, ba a barin mamaci haka tsirara babu dalili."

Da a wani wuri ne da ta yi dariya. Tun daga cikin gida take zargin manya, ashe wannan ɓarnar ta wani tsoho ce da bakinsa ya saba da hanya ɗaya kamar jakin ɗaukar taki.

"To na ji, wannan tsuhwa ta. Rahotona hwa? Shi ma Baba Aminu yay yanke shi?"

"A'a. Ni na yanke."

"Minti sha tara, Malam. Kab bar daƙiƙa arba'in, kuma duk cikin arba'in ɗin babu harbi ko guda. Wuta kawai kunka ji? Kunnuwanku ba su jin bindiga?"

"An kira mai gidan rediyon. Shi kuma ya kira ni."

"Sai kac ce to."

"Sai na ce to. Ina da iyali, Halima, ba zan yi miki ƙarya ba."

"Ni ban da su? Sunana kas sa! Ko hanya nib bi cikin Kalgo sai an nuna ni, ga wadda tac ce ba a mutu ba. Mai kayan miya ta ƙi sai man da tattasai jiya. In mutum ya jehi soja da dutse ku ce tsagera, har unguwarsu kuna hwaɗi. In soja ya harbi mutum bisa buhun albasa ku ce an shawo kan lamari. Wanga shi na aikin da kuka koya muna?"

"Kin gama?"

"Ban gama ba!"

"To ki ɗan tsaya ki sha iska. Tun jiya da aka karanta sanarwar nan ban samu sukuni ba. Na shiga wurin mai gida yau da safe, na ce masa ƙarya ɗaya ce na yarda na ɗauka, ba biyu ba. Mun yi ta kai ruwa rana. A ƙarshe ya ce in sa sautin, in abin ya zo da tsautsayi ni kaɗai na sani."

Halima ta tsaya cak. Ta zo da shirin faɗa har magariba, sai ga ƙofa a buɗe.

"Za ka sa?"

"Ƙarfe huɗu, in kin yarda."

"In na yarda? Ni da nir rantse gaban mata hamsin?"

"Kin rantse?" Muryarsa ta canza. "Halima, tsakaninki da Allah, kin saurari abin da kika turo min? Daga farko har ƙarshe?"

"Ina wurin aka yi shi, mi za ni saurara?"

"Ba ki saurara ba ke nan."

Gaskiya ne. Sau nawa yana faɗa musu a ofis, kada wanda ya turo sauti bai ji shi da kunnensa ba. Ita kuwa tun ranar ko buɗe wurin ba ta iya yi, don ta san a ƙarshensa akwai muryar Baba Sambo yana kakari.

"Je ki minti na shida," in ji shi. "Ki ji, sannan ki kira ni. Amma bari in faɗa miki tun yanzu. Ko dai in sa shi duka, ko in bar shi duka. Na yanke wa sojoji bindiga ranar Talata, kin kira ni azzalumi, kuma kin yi daidai. Ba zan yanke miki naki yau ba, in zama azzalumi sau biyu."

"Nawa mi?"

Ya riga ya kashe.

*

Ta zaro abin kunne daga jaka ta sa. Ta ja sautin zuwa minti biyar da rabi.

Hayaniya ce, da ƙarar babura, da masu ihun "ba mu yarda ba". Ta ji muryarta tana cewa jama'a na ƙaruwa. Ta ji wani soja yana daka tsawa a koma baya. Har nan babu wuta, babu harbi.

Sai wata murya ta taso kusa da wayar, tar da ita kamar a kunnenta ake magana.

"Ku kawo hetur! Babu? Ku zuƙo ga tankina, ga tiyo nan! Yau sai rumhwar ga ta ci wuta!"

Wani ya amsa, "Lukuman, shagon Amos na jiki hwa!"

"Ku zuƙo nic ce!"

Ta tsayar. Ta mayar baya. Ta sake ji.

Muryar da ta goya ce. Muryar da ke ce mata "Yaya, a ƙara man tuwo." Ga sunansa kuma an kira, babu wanda zai ce kama ce. Ita tana gaba tana kallon sojoji a lokacin, ba ta ko waiwaya ba. Minti na takwas wuta ta tashi. Minti na tara aka fara harbi.

Ta jingina da itacen.

Ta san abin da ya kai shi. Ranar Asabar matarsa na naƙuda ya ɗauko ta a babur, a shingen nan aka ce dole kowa ya sauka ya tura. Ya roƙa, ya nuna cikin, aka zabga masa bulala uku, matar ta taka da ƙafa tana durƙushewa har suka wuce. Allah ya sa ta sauka lafiya, namiji. Halima da kanta ta shafa masa man zafi a baya. Ta sani sarai. Amma duk wannan ba ya cikin minti sha taran. Abin da ke ciki fetur ne, da sunansa, da shagon Amos, mutumin da ya buɗe musu a ranar haihuwar ya ba su allurar tsayar da jini bai tsaya tambayar komai ba.

Takaici ya cika ta har ta rasa wa za ta fara jin haushi. Sojan da ya harba, ko Baba Aminu da bakinsa, ko Zubair da ya tashi zama mai adalci yau da rana tsaka, ko wannan shashashan da ya zo yana ihu a gefen yayarsa tana naɗar sauti a waya. Ta fi jin haushin kanta, da ta tashi ta rantse kan abin da ba ta saurara ba.

Huɗu saura kwata.

"Yaya!"

Lukuman ne ya taso yana kakkaɓe wando, idonsa ja. Tun da aka yi rasuwar bai cika magana ba, ita ta ɗauka jimami ne kawai.

"Yanzu anka hito daga ciki ana hwaɗin za a sa abin ga rediyo. Gaskiya na?"



Mazan da ke tabarma duk sun juyo. Shamsuddeen ya miƙe, ga ƙaramar rediyon babansa a hannu, wadda yake ratayawa a gona. Lukuman ya ga ana kallo, ya ɗaga murya.

"Ki ce masu su sa shi duka! Kada su yanke ko daƙiƙa guda irin na rannan. Kowa shi ji abin da anka yi muna!"

"Haka na!" in ji wani dattijo. "Duka!"

"Lukuman, zo nan."

"Wallahi Yaya in sunka yanke..."

"Nic ce zo nan."

Ta ja shi bayan itacen. Ta cire abin kunnen guda ta tura masa a kunne, ta danna.

Tana kallon fuskarsa. Da farko ya ɗaure gira yana saurare. Sai bakinsa ya ɗan buɗe. Da aka zo wurin tiyo ya kai hannu zai cire, ta riƙe hannun har sai da ya ji an kira sunansa, ya ji wutar, ya ji harbin farko.

Ya zame ya tsuguna.

"Ban san kina kusa ba."

"Abin da za ka ce ke nan? Ba ka san ina kusa ba?"

"Yaya, rumhwar kawai niy yi nuhi. Wallahi rumhwar kawai. Ban san Baba na cikin motar ba, ban san za su..."

"Kwana ukku kana kallona ina zagin mutane. Ka ɗauko ni tun daga Kalgo, ka zanna tabarmar makokinai, ba ka ce man komi ba."

"Da wane baki?"

"Da wanda kak kira hetur!"

Ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa na rawa. Ta so ta kai masa mari, ta so ta rungume shi, ta kasa ko ɗaya.

"In anka sa, ɗauke ni za su yi," ya ce a hankali. "Kin san in sunka ɗauki mutum ba a sanin inda shi ke."

"Na sani."

"Inna Huseina kuma za ta ji."

"Za ta ji."

"A cire wurin mana. Minti guda na, Yaya. Wa za shi sani?"

"Malam Zubair ya ce duka ko babu."

"To a bari. A bari har a yi suna. Jibi na hwa. Ko sunan yaron ban raɗa ba, Baba Sambo nac ce shi za shi zaɓa..."



Daga cikin gida aka jiyo ƙarar rediyo ana murɗa ta, tana shiii tana kamawa. Wata ta biyu ta amsa daga gidan maƙwabta. Shamsuddeen ya ja eriyar ta babansa har ƙarshe, ya ajiye ta tsakiyar tabarma, maza suka matso suka kewaye ta. Sai muryar Huseina ta fito daga bayan zaure, inda takaba ta tsayar da ita.

"Halima! Ƙarhe huɗun kic ce ko?"

Wayar ta fara ruri a hannunta. Malam Zubair. Huɗu saura minti uku.

Ta ɗauka, ta kai kunne.

"Kin ji?" in ji shi.

"Na ji."

"To ina gaban na'ura. In sa, ko in bari?"

Ta buɗe baki. Ta dubi zauren, ta dubi ƙanenta a tsugune. Kiɗan buɗe shirin ya fara tashi daga rediyo uku lokaci guda.

"Halima, lokaci. In sa ko in bari?"

Lukuman ya miƙe. Ya goge fuska da hannun riga, ya zare wayar daga hannunta kafin ta ankara, ya kai kunnensa.

"Malam Zubair," ya ce. "Mai hetur ɗin na ka magana."